Na samu aiki a Saudiyya amma bashin gida ya shaƙe ni: in tafi da iyali ko in bar su?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ba na cewa komai, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin gwamnati a Kano, shekarata 11 a bakin aiki. A 2021 na karɓi bashin gida na naira miliyan 12 daga asusun gidaje na ƙasa, wanda dama ake yankar mana kashi 2.5 na albashi dominsa. Ta hannun wani bankin lamunin gidaje aka ba ni, ruwansa kashi 6, biya a shekara 20, kusan dubu 86 duk wata. Gidan ɗaki uku ne da falo a wajen Ɗanbare. Muka tare ba katanga ba rijiya, 'yan garuwa muke saye wa ruwa. A farkon 2024, bayan ɓarayi sun shigo mana sau biyu, na karɓi miliyan 4 a bankin da albashina ke shiga don in kewaye gidan in haƙa rijiyar burtsatse. Daidai lokacin siminti ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin ko fenti bai kai ba.

Wannan bashi na biyu shi ya karya ni. Ruwansa ya kusa kashi 30, suna zare dubu 170 kafin albashin ya iso hannuna. Albashina dubu 350 ne. In na biya na gida, dubu 94 ke saura, mu bakwai: ni, maiɗakina, yara huɗu da mahaifiyata mai hawan jini. Wata uku ke nan ban biya na gidan ba, takardar gargaɗi ta zo.

Yanzu wani asibiti mai zaman kansa a Buraida ya ɗauke ni. Na ci jarrabawar Prometric ta neman lasisin aikin lafiya a can, an tantance takarduna. Riyal 6,500 a wata, wurin kwana na haɗaka, tikiti sau ɗaya a shekara ni kaɗai, kwantiragin shekara biyu. Maiɗakina ta ce ƙafarta ƙafata. Ni ma zuciyata ba ta son barin su. Don Allah wanda ya san hanyar nan ya faɗa mini gaskiya.

Injiniya a Riyad:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Shekarata tara a nan, bari in ba ka lissafi kafin shawara.

Tun Yulin 2017 ake karɓar harajin iyali a kan duk wanda ke ƙarƙashin iƙamar (takardar izinin zama) ma'aikacin kamfani mai zaman kansa. An fara da riyal 100 kan kowane mutum a wata, ana ƙara ɗari duk shekara, ya tsaya a 400 tun Yulin 2020. Mata ɗaya da yara huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, 24,000 a shekara, kuma ba a sabunta musu iƙama sai an biya. Jariri ma ana biya masa.

Wurin kwanan da asibiti zai ba ka na gwauraye ne, ba za ka kai mace can ba. Sai ka kama gida da kuɗinka. Ka ƙara makarantar yara uku, abinci mai harajin kashi 15, da tikitin mutum biyar. A kan 6,500, wallahi kafin 20 ga wata aljihunka ya bushe, ba ka aika ko kwabo Kano ba.

Yanzu juya lissafin. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. A canjin yanzu riyal ɗaya ya kusa naira 400. Nawa ya rage a bashin nan biyu?

Baban Ilham:
Na bankin albashi saura kamar miliyan 2.8. Na gida kamar miliyan 10.6, ban da wata ukun da ake bi na.

Injiniya a Riyad:
To ka gani. Bashin da ke hana ka barci riyal 7,000 ne, albashin wata ɗaya da ɗoriya. Wata ukun da ka makara ba su kai riyal 700 ba. Duka biyun a haɗe wajen riyal 34,000. In kai kaɗai ne, ka ci 1,000, ka aika gida 1,200, ka bar 300 na waya da ƙananan abubuwa, saura 4,000. Ko da tangarɗa, cikin shekara ɗaya gidan ya zama naka fes. In ka kwaso su, shekara biyun za ta ƙare bashin yana nan inda ka bar shi.

Abu Sadik:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Ka sayar da gidan. Abin da ka saya miliyan 12 a 2021 yanzu ya ninka. Ka biya bankunan, ka riƙe canji, ka ɗauki iyalinka ku tafi hankali kwance. In Allah ya buɗa ka gina wanda ya fi shi.

Kawu Mai Shago:
Kul! Kar ka soma. Ni na yi wannan kuskuren, na sayar da nawa a Kaduna a 2022 da niyyar in sake gini. Buhun siminti da nake saye dubu huɗu da wani abu, a 2024 ya haura dubu tara. Kuɗin da na riƙe ko linta bai kai ni ba. Yau haya nake, da furfurata. Mai iyali bakwai ba ya sakin rufin da ke kansa don rufin da bai gani ba.

Barista:
Ko sayarwar ma ba a hannunsa kaɗai take ba. Takardar mallakar gidan tana wajen banki a matsayin jingina, kuma a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sai da amincewar gwamna ake canja mallaka. Ba abin da za a gama cikin 'yan makonni ba ne, kuma mai saye in ya ji kana sauri zai taya maka a wulaƙance.

Abin da ya fi damuna shi ne kar ka tafi a ɓoye. Mutane da yawa suna ɗauka in sun tsallaka ruwa shi ke nan. Tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar zare kuɗin bashi daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗin mutum, ko a wane banki ne, in dai ya sa hannu a wannan sharaɗin lokacin karɓar bashin. Ka duba takardunka, da wuya a ce babu shi. Kana iya aiko kuɗin abincin yara a wayi gari an share. Ga kuma suna da zai ɓaci a rajistar masu cin bashi.

Ka je bankin gidan da ƙafarka, da takardar ɗaukar aikin a hannu. Ka rubuta musu cewa za ka biya wata ukun daga albashin farko, ka nemi su amsa a rubuce. Ka tambayi ko akwai tara in mutum ya biya kafin wa'adi. Sannan ka bar takardar wakilci ta lauya ga wanda ka yarda da shi, mai iyaka: ya karɓi wasiƙa, ya biya kuɗi, amma ba ikon sayarwa ko jinginarwa.

Maman Yusra:
Duk na karanta lissafinku, maza. Ba wanda ya sa matar a ciki.

Ni aka bari. Maigidana ya tafi Riyad da alkawarin shekara ɗaya, yana gama biyan bashi zai aiko mana. Wannan shekarar ta shida ce. Ba mugu ba ne, bai taɓa fasa aiko kuɗi ba. Amma da bashi ya ƙare sai auren ƙanwarsa ya taso, sai rufin gidan su, sai kujerar Makka ta baba, sai fili. Duk wanda ya ji ɗan'uwansa na karɓar riyal sai buƙatarsa ta tashi. Ni ce kullum ake cewa ki ƙara haƙuri.

Ɗanmu na fari yana da shekara 9 ya tafi, yanzu 15. Ranar da aka kira ni makaranta an kama shi da abokan banza, ni kaɗai na je na tsaya a gaban shugaban makarantar. Da dare na kira uban, ya yi masa faɗa ta bidiyo, yaron ya ajiye wayar ya fita. Haihuwata ta ƙarshe maƙwabciya ce ta kai ni asibiti da ƙarfe biyun dare.

Baban Ilham, matarka da ta ce ƙafarta ƙafarka ba yawon buɗe ido take so ba. Ta ga irinmu ne. Yara huɗu da tsohuwa mai hawan jini za ka bar mata, a gidan da ɓarayi suka san hanyarsa.

Injiniya a Riyad:
Hajiya, ban musa ko kalma ɗaya ba, Allah ya saka miki. Amma kuɗin ba zai ƙaru don muna tausayi ba.

Maman Yusra:
Ban ce ya ƙaru ba, Injiniya. Cewa na yi a sa ta a lissafi. Riyal 1,200 da ka ware, kuɗin abinci ne. Wa zai kwana a gidan? Wa zai kai Hajiya asibiti? Yaushe ne ranar dawowa, kuma wa zai riƙe shi a kan ranar?

Ummu Hanif:
Ni kuma na bi nawa, bari ku ji ɗaya ɓangaren. Mun je Jidda a 2016 da yara uku, lokacin ba harajin nan. Shekarar farko ta yi daɗi, Umara kusan duk wata. Da harajin ya kai 300 a 2019 maigida ya fara rance wajen abokan aiki don sabunta iƙamarmu. Makarantun da ake koyarwa da Turanci sun fi ƙarfinmu, yaran suka zauna a gida kusan shekara. Ni kuma daga ɗaki sai ɗaki, ba dangi, ba maƙwabciyar da zan leƙa in ce ina kwana. A ƙarshe muka dawo Kano ni da yaran, ba gida, muka sauka a ɗakin mahaifiyata. Iyalai da yawa na Sudan da Masar da muke unguwa ɗaya haka suka watse a shekarun nan.

Da muna da gida namu a lokacin, ko da bashi a kansa, da ban ji abin da na ji ba. Baban Ilham, ka gaya wa 'yar'uwata maiɗakinka, in tana karantawa, zaman can da talauci ya fi zaman nan ɗaci.

Mai Lissafi:
Ina da ja a kan abu ɗaya da Injiniya ya faɗa. Bashin banki mai ruwa 30 a kashe shi da albashin farko da na biyu, wannan ba gardama. Amma na gida me ya sa za a yi gaggawarsa? Ruwansa 6 ne, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Dubu 86 ɗin da yake biya a 2021 ta fi dala 150, yau wajen dala 60 ce kawai. Lokaci da kansa yana cinye bashin. Ya riƙa biyan riyal 215 ɗinsa duk wata, sauran ya tara ya sayi fili ko ya ba matar jari. Kashe miliyan 10 a bashi mai arha asara ce.

Malam Na Zaure:
Ɗan'uwa Mai Lissafi, lissafinka na kasuwa daidai ne, amma ka bar wani shafi. Kashi 6 da kashi 30 duk sunansu riba. Malamai sun yi magana a kan wanda lalurar matsuguni ta tilasta shi, ba zan yanke wa bawan Allah nan hukunci a kan abin da ya wuce ba. Amma wanda Allah ya ba hanyar fita ba ya zama a ciki don yana da arha.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. An taɓa kawo gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mutum zai yi tafiya mai nisa, ba wanda ya san gawar fari. In ta Allah ta kasance, gida mai jingina zai bar wa marayu huɗu ko gida mai takarda?

Sannan maganar Maman Yusra fiƙihu ce tsantsa. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya haƙurin rashin mijinta, ya sa wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi ba su dawo gida ba. Haƙƙin matar ne. Tafiyar nan sai da yardarta, yarda ta gaske, ba wadda aka matsa mata ta yi shiru ba.

Mai Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa ta fuskar addini. Abin da zan ƙara kawai, kar ya zuba komai a banki ya zauna ba ko sisi. In kwantiragi ya tsinke fa? Ya fara tara na wata uku a gefe tukuna. Kuma ya yi lissafinsa a kan naira 350, ba 400 ba, don canji ba ya da amana ta kowane ɓangare.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, don haka ɗanmu da ya tafi Saudiyya ba ya ganin wannan garaɓasar ta canji da kuke gani. Faɗuwar naira da ta jefa shi a rami ita ce yau za ta fid da shi. Ya yi amfani da damar tun tana nan.

Nas a Ingila:
Wasu sun bi ni ta akwati suna cewa ya nemi nan maimakon can, wai ana zuwa da iyali. A sani, tun Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi kawo iyali. Masu sana'ar lafiya da ke da rajista suna iya kawowa, amma hayar gida mai ɗaukar mutum shida a nan za ta lashe rabin albashi ko fiye. Tsuntsun da ke hannunsa ya riƙe.

Ɗan Ƙasim:
Ni a Unaiza nake, kusa da Buraida, aikin lafiya nake yi. Abu uku daga wanda ke wurin.

Kar ka ajiye aikinka na gwamnati. Ka nemi hutu ba albashi, ka karɓi amincewar a rubuce. Akwai watannin gwaji a nan, suna iya kai wa kwana 180, kuma a cikinsu ana iya sallamar mutum. Na ga wanda aka mayar a wata na biyu saboda matsalar rajistarsa da hukumar ma'aikatan lafiya. Ko da kana da kuɗin kawo iyali, ba a kawo su kafin a wuce wannan gaɓar.

Ka tabbata kwantiragin da ejan ya nuna maka shi ne zai hau Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, domin wanda ke can shi hukuma ta sani. Ka duba 6,500 ɗin, nawa ne ainihin albashi nawa ne alawus. Fasfonka kuma haƙƙinka ne, doka ba ta ba kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ikon riƙe shi ba.

Na ukun shi ne wanda ba a faɗa: albashin farko yana iya kai wa sati shida ko fiye, kafin iƙama ta fito ka buɗe asusu. Albashinka na Kano kuma ya tsaya. Bankin da ke zare dubu 170 zai laluba bai samu ba. Wannan ramin na wata biyu shi ya kamata ka cike kafin ka hau jirgi.

In ka daidaita, akwai bizar ziyarar iyali. Ba ta da harajin wata-wata, kuma suna iya yin Umara da ita. Da dogon hutun makaranta ka kawo su, har da Hajiya.

Abu Sadik:
To ko iyalin su koma gidan gado a ba da wannan haya? Kuɗin hayar shekara ya toshe ramin.

Maman Yusra:
A raba ta da mijinta, a kuma raba ta da ɗakinta, a kai ta cikin facaloli da yara huɗu? Haba Abu Sadik. Gidan nan shi ne kaɗai abin da zai sa ta ji wahalar tana da dalili.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Jiya bayan isha na miƙa wa maiɗakina wayar, ta karanta tun daga sama. Ta yi kuka a wajen Maman Yusra, ta yi shiru mai tsawo a wajen Ummu Hanif. Ba mu yi barci ba sai wajen ƙarfe ɗaya.

Ga inda muka tsaya. Zan tafi ni kaɗai. Ta kafa sharaɗi uku, na karɓa. Asusun da za a riƙa biyan bashin ita za ta riƙe, ta ga shigar kowace naira da fitarta. Ba wanda za a gaya wa yawan albashina a dangi, kuma ba wata hidima da za ta shiga gaban bashin in ba rashin lafiya ba. In kwantiragin shekara biyu ya cika, ko dai albashi ya kai in ɗauke su, ko in dawo. Mun kira yayanta da ƙanin mahaifina, za mu faɗa a gabansu ranar Juma'a.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero zai dawo ɗakin zaure da kwana, tunda kusa ne. Ramin wata biyun kuma zan sayar da motata. Na so in bar musu ita, ita ce ta ce Adaidaita ya ishe su.

Barista:
Madalla. Sharuɗɗan nan ku rubuta su, shaidun su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Bankin fa?

Baban Ilham:
Na je yau da safe. Jami'in ya karɓi wasiƙar ya buga mata hatimi, ya ce in biya wata ɗaya daga kuɗin motar kafin in tashi, sauran biyun su jira albashin farko, amsa a rubuce za ta fito cikin sati. Takardar neman hutu ma na miƙa.

Abin da ya rage mini Ilham ce. Shekararta 13, ta ji muna magana, tun shekaranjiya ba ta haɗa ido da ni. Uwarta ta ce in bar ta za ta huce.

Maman Yusra:
Kar ka bar ta. Nawa ma haka aka ce, a bar shi zai huce. Ka ɗauke ta ku fita ku biyu, ko nan bakin titi ne ku sha fura. Ka gaya mata akwai bashi a kan gidan, ka gaya mata nawa ne, ta isa ta gane. Ka nuna mata watan da za su zo Umara a kalanda, ka bar ta ta zagaye shi da hannunta.

Baban Ilham:
Gobe Alhamis suna tashi da wuri. Ni zan je ɗauko ta.